Kumburin Ɓoye da Ciwon Damuwa: Abin da Jini Ke Gaya wa Likita

(Jawabin da Kwamitin Lafiya ya gabatar a wurin taron shekara-shekara na Ƙungiya)

  



A shekarun baya wannan kwamiti ya yi magana a kan zazzaɓin cizon sauro, da hawan jini, da tsabtar ruwan sha. A bana mun zaɓi wata cuta wadda ba a cika ambatonta a zaure ba, ko da yake da wuya a sami zuriyar da ba ta taɓa ba, wato ciwon damuwa. Ba muna nufin ɓacin ran da kan sami mutum idan ya yi asara ko aka yi masa rasuwa, ya kwana biyu ya warware ba. Muna nufin halin da mutum zai shafe aƙalla mako biyu zuciyarsa a ƙuntace, abin da ya saba jin daɗinsa ya fita daga ransa, barci ya gagare shi ko ya yi masa yawa, abinci ya daina yi masa daɗi, ƙarfi ya ƙare, har sana'a da zumunci su gagara. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa a shekarar 2019 kimanin mutum miliyan 280 ne ke fama da wannan cuta a duniya.

Wanda wannan ciwo ya kama a wurinmu ba ya cewa likita zuciyarsa ce ba daɗi. Abin da yake faɗa shi ne jikinsa ya mutu, kansa na yi masa nauyi, ƙirjinsa na zafi, ba ya barci. Sai a ce zazzaɓi ne da taifot, a yi masa allurai, bayan wata guda ya dawo, a sake. A gida kuwa, idan magidanci ne a ce lalaci ne, idan matar aure ce a ce kishi ne ko iska, idan saurayi ne a ce ya fara shaye-shaye. Kada mu ɗauka wannan ɗabi'ar Bahaushe ce shi kaɗai. Wani bincike na Hukumar Lafiya ta Duniya da aka buga a 1999, wanda aka yi a asibitocin ƙasashe 14 har da na Ibadan, ya nuna cewa kashi 69 cikin 100 na masu ciwon damuwa kukan ciwon jiki kaɗai suka kai wa likita. To, abin da muka zo da shi yau shi ne, wannan kuka nasu yana da tushe a cikin jini, kuma masana sun fara gano shi.

Tun fiye da shekara dubu da suka wuce, malamin nan Abu Zaid al-Balkhi, wanda ya rasu a shekarar 934 Miladiyya, ya raba baƙin ciki gida biyu a littafinsa Masalihul Abdan wal Anfus: akwai mai sananne dalili, kamar rashi ko asara, akwai kuma wanda ke sauko wa mutum ba gaira ba dalili. Na biyun ya danganta shi da matsalar da ke cikin jiki, ya kuma ce yana bukatar maganin likita. Mun kawo wannan ne domin malamanmu su shaida cewa maganar ba baƙuwa ba ce a gidan Musulunci.

Mene ne kumburi? Kowa ya san shi idan ƙaya ta soke shi: wurin ya tasa, ya yi ja, ya yi zafi, ya yi ciwo. Wannan aikin garkuwar jiki ne, sojojin jini ne suka taru a wurin da aka ɓarka. Domin su kira junansu, waɗannan sojoji suna sakin wasu sinadarai 'yan aike da ake kira saitokin, kuma fitacce a cikinsu shi ne wanda aka yi wa laƙabi da IL-6. Idan saƙonsa ya isa ga hanta, sai ta zuba wani sinadari a cikin jini mai suna CRP, wanda likitoci biyu, William Tillett da Thomas Francis, suka gano a birnin Niyok a 1930 a jinin masu ciwon huhu. Mai lafiya CRP ɗinsa ba ya cika kai miligiram 3 a litar jini ba. Wanda mummunar cuta ta kwantar kuwa, nasa yana iya zarce 100. Amma akwai wani hali a tsakani, inda awon kan tsaya tsakanin 3 da 10 wata da watanni, ba zazzaɓi, ba inda ya tasa, ba abin da ido zai gani. Wannan shi muka kira kumburin ɓoye. Idan na farko gobara ce, wannan wutar ƙaiƙayi ce, mai ci ta ƙarƙashi.

Ɗaya daga cikin waɗanda suka fara jawo hankalin masana ga alaƙar garkuwar jiki da halin zuciya likitan dabbobi ne, Benjamin Hart na Jami'ar Kalifoniya, a 1988. Makiyayan da ke cikin wannan taro sun riga shi sanin abin da ya rubuta. Akuyar da ba ta da lafiya takan ware daga garke, ta daina kiwo, ta sunkuyar da kai, ta nemi inuwa ta kwanta. Hart ya ce wannan ba gajiyawa ce kawai ba, tsari ne da jiki ke bi domin ya tattara ƙarfinsa ya yaƙi cuta. Mu duba kanmu ranar da zazzaɓi ya kama mu: ba ma son magana, ba ma son abinci, ko kukan yaro haushi yake ba mu, ko albishir aka yi mana ba ma murna. Ashe ba kamannin ciwon damuwa ke nan ba? Bambancin kawai, na zazzaɓi yakan tafi da zazzaɓin. A 1991 Ronald Smith ya fito fili ya ce wataƙila ciwon damuwa, a wurin wasu mutane, wannan hali ne da ya ƙi tafiya saboda garkuwar jiki ta ƙi kwance ɗamara.

Zato dai zato ne, sai an gwada. Hujja mafi ƙarfi ta fito ne daga inda ba a nufa ba. Shekaru da dama maganin ciwon hanta nau'in C shi ne allurar intaferon, wadda ita kanta ɗaya ce daga cikin 'yan aiken nan na garkuwar jiki. Likitoci suka lura cewa kimanin mutum ɗaya cikin huɗu na waɗanda ake yi wa allurar suna faɗawa cikin cikakken ciwon damuwa, har da waɗanda ba su taɓa yin sa ba. A Jami'ar Emory da ke Atlanta ta Amurka aka yi wani gwaji da aka buga a 2001, a kan masu sankarar fata da za a ba su intaferon mai yawa. Aka raba su biyu, aka fara ba wa rabi maganin damuwa mai suna paroksetin tun mako biyu kafin allurar, sauran aka ba su ƙwayar da ba magani a cikinta. A rukunin da ba su sami maganin ba, kashi 45 cikin 100 suka kamu da ciwon damuwa. A ɗaya rukunin, kashi 11. Da aka bi diddigin waɗannan marasa lafiya, sai aka ga alamun ba tare suke zuwa ba. Kasala da rashin cin abinci su ke fara sallama cikin makonni biyun farko, ƙuncin zuciya da fargaba sai daga baya. Maganin ya kare su daga ƙuncin zuciyar, amma bai taɓuka abin kirki a kan kasalar ba. Mu riƙe wannan, za mu dawo gare shi. (Domin kada mai ciwon hanta ya tsorata, mu faɗa cewa tun daga 2014 ƙwayoyin sha sun maye gurbin wannan allura a maganin nau'in C.)

Daga ɗakin gwaji sai aka fita cikin jama'a. A Kopenhagen ta ƙasar Denmak an auna jinin mutum sama da 73,000, aka buga sakamakon a 2013: gwargwadon hawan CRP, gwargwadon yawan masu kukan damuwa da masu shan maganinta. Wani zai ce, to wa ya riga wani, kumburin ko damuwar? A yankin Bristol na Ingila an auna jinin yara kimanin 4,500 suna da shekara 9, aka jira har suka kai 18. Waɗanda IL-6 ɗinsu ya fi hawa a yarinta sun fi sauran faɗawa cikin ciwon damuwa da kusan rabi. An buga wannan a 2014. A nan dai kumburin ne ya riga zuwa.

Amma, ranka ya daɗe, ba za mu sayar wa jama'a da zare a matsayin riga ba. A 2019 masana a Jami'ar Kambirij sun tattara binciken da aka yi a wurare daban-daban, suka sami cewa kimanin kashi 27 cikin 100 na masu ciwon damuwa ne CRP ɗinsu ya haura 3. Ke nan a cikin kowane mutum huɗu, uku ba su da wannan alama. Ciwon damuwa ba ƙofa ɗaya yake shigowa ba. Akwai gado, akwai talauci da bashi, akwai zaman aure da ya yi tsami, akwai tashin hankalin da 'yan gudun hijira suka gani da idonsu. Kumburi ƙofa ɗaya ce daga ciki.

Inda maganar ta fi daɗi, a ganinmu, shi ne da aka daina tambayar ko mutum yana da ciwon ko ba shi da shi, aka koma bin alamun ɗaya bayan ɗaya. Wani bincike a kan Amurkawa kimanin 15,000 da aka buga a 2016, da wani na 2021 da ya haɗa mutum sama da 56,000 daga rukunoni 15, sun tsaya kusan a wuri guda. Alamun da suka fi tafiya tare da kumburi su ne ƙarewar ƙarfi, da jin cewa kowane ɗan aiki dutse ne, da rikicewar barci, da canjin cin abinci, da gushewar sha'awar yin abubuwa. Su kuwa yawan kuka, da zargin kai, da yanke ƙauna, alaƙarsu da kumburin ba ta da ƙarfi idan aka ware sauran. Wannan ya yi daidai da abin da aka gani wurin masu allurar intaferon. Ya kuma yi daidai da kalaman da mutanenmu ke zuwa da su asibiti. Tsohuwar da ta ce jikinta ya mutu, ko tsintsiya ba ta iya ɗagawa, ba ɓoye ciwon zuciya take yi a bayan ciwon jiki ba. Abin da take ji ta faɗa, jiki magayi.

Ta yaya abin da ke cikin jini ke isa ga ƙwaƙwalwa? Wasu daga cikin 'yan aiken suna ratsawa ta wuraren da shingen ƙwaƙwalwa bai yi kauri ba, wasu kuma suna aika saƙo ta wata doguwar jijiya da ta haɗa kayan ciki da kai. Idan saƙon ya isa, abubuwa biyu aka fi sani. Na farko, akwai wani sinadari da muke samu daga abinci, tiriftofan, wanda da shi ake ƙera serotonin. Kumburi yakan karkatar da shi zuwa wata hanya dabam, kamar yadda ake karkatar da ruwan fadama, kuma wasu daga cikin abubuwan da ke fitowa a can suna cutar da jijiyoyin ƙwaƙwalwa. Na biyu, kumburi yana rage aikin dopamin, sinadarin da ke sa mutum ya ji abu ya cancanci a tashi a nema. Idan ya yi ƙasa, manomi zai ga damina ta faɗi, ya san gona na jiransa, ya san abin da zai biyo baya idan bai je ba, amma abin da zai ɗaga shi daga tabarma babu. Wanda ya kira wannan lalaci ya ɗauki alhaki.

Ina wutar ke samun makamashi? Ƙiba, musamman teɓa, tana kan gaba, domin kitsen ciki da kansa yana sakin IL-6. Shi ya sa idan masu bincike suka cire tasirin nauyin jiki, alaƙar CRP da damuwa takan ragu sosai. Sai shan taba, da rashin motsa jiki, da ƙarancin barci, da ciwon dasashi da aka bari ya daɗe. Sai cututtuka masu zama da mutum: ciwon sukari, tarin tibi, cuta mai karya garkuwar jiki, amosanin jini, da sanyin ƙashi. Akwai kuma wanda ya kamata iyaye su saurara da kyau. A garin Dunedin na ƙasar Niyuzilan an bi rayuwar yara kimanin dubu tun daga haihuwa, aka buga a 2007 cewa waɗanda aka gallaza wa a yarinta sun fi sauran samun hawan CRP suna da shekara 32. Duka da wulakancin da aka yi wa yaro, ko ya manta, jininsa bai manta ba. Masu riƙon marayu da 'ya'yan kishiya, wannan taku ce.

Yanzu mun zo wurin da muke roƙon kowa ya buɗe kunne, domin mun san halinmu. Kada wani ya fita daga nan ya ce likitoci sun ce damuwa kumburi ce, ya zarce kemis ya sayi diklofenak ko ibuprofen ko felden ya riƙa sha. An gwada, kuma ga abin da aka samu. A Atlanta, a 2013, an ba wa mutum 60 da ciwonsu ya ƙi jin magani ko dai wani maganin kumburi mai ƙarfi, infiliksimab, ko ruwan gishiri. A jimlace ba bambanci. Waɗanda CRP ɗinsu ya haura 5 ne kawai suka nuna alamar amfana, waɗanda nasu ke ƙasa kuwa, masu ruwan gishirin sun fi su samun sauƙi. A Pakistan a 2020, da Jamus a 2022, an gwada wasu magungunan masu rage kumburi, ba su fi ƙwayar banza ba. A Ostareliya da Amurka an ba wa tsofaffi sama da 19,000 ko dai asfirin kullum ko ƙwayar banza har shekaru. Asfirin bai hana su ciwon damuwa ba, sai ma ya ƙara musu zubar jini. Ban da haka, waɗannan magunguna na kemis suna jawo gyambon ciki, suna lalata ƙoda idan aka daɗe a kansu. Deksametason kuma, wanda wasu 'yan mata ke sha domin su yi ƙiba, shi kansa yana rikita barci da hankali, yana tayar da sukari da hawan jini.

Haka nan ba mu ba da shawarar kowa ya je ya biya kuɗin awon CRP domin ya san ko yana da ciwon damuwa ba. Awon ba ya nuna hakan. Binciken ƙwayoyin gado da aka yi a Denmak ya nuna cewa waɗanda aka haifa da CRP mai ɗan yawa ba su fi kowa kamuwa ba, wato CRP hayaƙi ne, wutar tana wani wuri. Daɗin daɗawa, mafi yawan waɗannan alƙaluma daga Turai da Amurka suka fito, inda babu zazzaɓin cizon sauro. A nan kuwa, zazzaɓin makon jiya, ko maruru, ko haƙorin da ya ruɓe, ya isa ya ɗaga awon. Likita ne zai san lokacin da awon ke da amfani, kuma galibi domin neman wata cuta ce da ta ɓuya.

Abin da ke aiki a yau sananne ne, kuma akwai shi. Magunguna irin su amitiriftilin da fuluwoksetin ba su da tsada, sai dai sukan ɗauki mako biyu zuwa shida kafin a ga amfaninsu, kuma ba a yanke su ranar da aka ji sauƙi; a nan ne da yawa ke karaya. Zama da ƙwararre a tattauna magani ne tabbatacce. Tafiyar ƙafa ta rabin awa kullum tana rage damuwar, tana rage teɓar. Mai sukari ko tibi da aka ga ya yi sanyi, ya daina zuwa masallaci da kasuwa, a tambaye shi halin zuciyarsa, domin mai damuwa ba ya riƙe shan magani, ciwon ya ƙaru, damuwar ta ƙaru. Mai jego da ta wuce mako biyu tana kuka, ba ta son ɗaukar jaririnta, a kai ta asibiti. Addu'a kuwa ba ta taɓa yin faɗa da magani ba. Mai karaya ma ana yi masa addu'a ana ɗora shi. Wanda ya fara cewa gara ya mutu ya huta, kada a bar shi shi kaɗai, a ɗauke maganin ƙwari da duk abin da zai iya cutar da kansa da shi, a kai shi a ranar. Akwai asibitin Dawanau a Kano, da na Barnawa a Kaduna, da na Kware a Sakkwato, da na Maiduguri, da sassan lafiyar ƙwaƙwalwa na asibitocin koyarwa. Tun Janairun 2023 Nijeriya ta sami sabuwar dokar lafiyar ƙwaƙwalwa da ta maye gurbin tsohuwar ta 1958, wadda ta tanadi haƙƙin mara lafiya a kula da shi cikin mutunci.

Likitocin wannan fanni a duk faɗin ƙasar nan ba su wuce 'yan ɗaruruwa ba, saboda haka jiran a turo mana namu jiran gawon shanu ne. Kwamiti yana gabatar wa ƙungiya buƙatu uku. A ranar duba marasa lafiya kyauta ta baɗi, duk wanda aka auna wa jini da sukari a yi masa tambaya biyu a keɓe: cikin mako biyun nan, shin sha'awar abubuwa ta fita daga ranka? Shin zuciyarka ta kasance a ƙuntace? Mata su tambayi mata. Na biyu, ƙungiya ta nemi ƙaramar hukuma ta tura ma'aikata biyu na asibitin garin nan su sami horon da Hukumar Lafiya ta Duniya ta tsara wa ƙananan asibitoci a kan gano wannan ciwo da ba da maganinsa. Na uku, a ware wani abu daga asusun taimako domin kuɗin mota da na maganin wata uku ga wanda aka tura birni ba shi da hali, kuma sunayensu su tsaya tsakanin ma'aji da shugaban kwamiti. Mun miƙa wa sakatare kiyasin kuɗin a rubuce, muna roƙon shugaba ya sa a tattauna shi kafin a tashi sallar azahar.